Yammar da Na Zagaya da Inna Cikin Sakkwato

Ni ɗan fari ne. A wajenmu, a wancan zamani, uwa ba ta duban ɗan farinta ido da ido, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da aka yaye ni aka kai ni Kalmalo wurin kakata, can na tashi a bakin tafki cikin masunta. Da na dawo Illela da ƙarfina, sai na iske Inna tamkar wata babbar baƙuwa wadda ake jin nauyinta. In tana son in yi wani abu, sai ta faɗa wa ƙanwata da ɗan ɗaga murya, ko ta faɗa wa turmi, ko akuya. Za ka ji ta ce, "Dangar ga ta kwanta, ban sani ba ko akwai maza cikin gidan ga." Ni kuma in bari a ɗan jima, in tashi in gyara danga kamar ni na ga dama. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma kowa yana yaba mata a kai.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama ba. An kafa turaku tsakaninmu da Ƙonni, an ce nan na Ingilishi, can na Faransa, amma jakunanmu ba su san da zancen ba. Ina sayen fatun jan akuya a ƙauyuka, in bi ayari in kai Sakkwato. Na je 'yan lokuta, har na fara ɗaukar kaina ɗan birni. In na dawo, samari sukan kewaye ni a dandali ina ba su labarin ganuwa da ƙofofi.

Wata kaka, ina ɗaure fatu, matata ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Maigida, Inna na son ziyarar Hubbaren Shehu."

Na ce to, Allah ya nufa. Sai ta waiga, ta rage murya.

"Hubbare sunan tahiya na. Yayarta taka son gani."

Na san da labarin wannan yaya. An aurar da ita ga wani majemi a Sakkwato tun Inna tana yarinya, tun kafin a ji ɗuriyar Nasara, kuma tun ranar da aka ɗora ta a kan raƙumi ba su sake haɗuwa ba. Wata mai tallan koli ce ta kawo labari cewa tana raye, mijin ya rasu, tana zaune wurin ɗanta a unguwar majema.

"Ka kuma san idonta," in ji matata. "Ka kai ta da rana. Huskar taka son gani."

Inna tana da dundumi. Da rana tana iya zura zare a allura, amma rana na faɗuwa sai duniya ta rufe mata, ko fitila ba ta yi mata amfani sai dai ta ga wani ja-ja kamar garwashi a nesa. Kowa a gidan ya sani, ni ma na sani.

Muka kama hanya, ita a kan jakina, ni a ƙasa. Kwanakin da muka yi a hanya ban ji ta ce mini uffan ba. Jakin ne ya sha hira. In tana jin ƙishirwa sai ta ce, "Kai jaki, maƙoshinka bai bushe ba?" Ni kuma in kwance salka in ajiye a inda hannunta zai kai.

Mun ƙetare gulbi ranar Alhamis, muka shiga ta Ƙofar Kware bayan duhu ya sauka, saboda haka ba ta ga komai na shigarmu ba. Muka sauka gidan fatomanmu, wanda yake ba mu masauki yana kuma nemo mana masu saye. Madugu ya ce Asabar da asuba za a juya. Juma'a da safe na tafi kasuwa da fatu, daga can masallaci, ban dawo masauki ba sai da la'asar. Matan gidan suka ce mini tun hantsi Inna ta yi wanka, ta ɗaura baƙin zanenta mai saƙi, tana zaune a bakin ƙofa da ƙullin daddawa da man shanu a cinya. Sun ce su raka ta, ta ce wanda ya kawo ta shi zai kai ta.

Rana tana da sauran tsawo a lokacin. Da na miƙe da ita unguwar majema, da ta ga 'yar'uwarta tas, har ta ƙirga furfurarta. Amma na ce a raina, ai Hubbare aka ce, kuma ga shi kusa.

Ban taɓa ganin Sakkwato kamar yammar nan ba, ko kuwa tsufa ne yake yi mini ado da ita. Ruwan ƙarshe bai daɗe da ɗaukewa ba, katangu sun sha yaɓe, jar ƙasar tana ɗaukar hasken rana tana mayarwa, har farar riga takan koma kamar an tsoma ta a ruwan goro. Lunguna sun yi tsit bayan hayaniyar Juma'a. Hayaƙin girki yana tashi a miƙe daga bayan katangu. Kofaton jaki kaɗai ake ji, sai wata mata can ciki tana daka tana waƙa.

Na fara magana, fuskata na kallon gaba, kamar da iska nake. "Wannan hanya ita ka zuwa kasuwa. Waccan ita ka zuwa gidan Waziri."

Sai na ji daga bayana, a hankali, "Ka ji, jaki. Gidan Waziri."

Tun da nake, ban taɓa faɗin magana ta amsa ba, ko da ta bakin dabba.

A Hubbare na ɗaure jaki a gindin wata bishiya, muka tuɓe takalma. Ta bi sauran mata ta shiga, ni na tsaya wajen maza. Wurin akwai sanyi irin na cikin randa, ga ƙamshin turare da tsohuwar ƙasa, ga tattabaru suna guna a saman soro. Mutane daga ƙasashe masu nisa suna zaune a rairayi, kowa leɓensa na motsi. Na ɗauka za ta daɗe, don na ga tsofaffi da sukan shiga nan su manta da kansu. Ban gama addu'ata ba na hango ta ta fito tana gyara lulluɓi, har ta riga ni wurin jaki.

Ta dafa wuyansa ta ce, "An yi ziyara, Allah shi karɓa. Saura zumunci."

Na ji ta sarai. Amma ai ba da ni take ba, da jaki take, kuma al'adar da ta hana ta yi mini magana ita ce ta ba ni damar yin kamar ban ji ba. Na kwance igiya na ce wa iska, "Wanda yaz zo Sakkwato bai ga masallacin Shehu ba, mi za shi ba mutane labari?"

Ta hau.

A masallaci ta tsaya daga waje ta leƙa ta ƙofa. Ginshiƙai ne jere, kowanne ya fi gangar kuka kauri, suna shiga cikin duhu har ido ya gaza. Haske yana zubowa ta 'yan tagogi kamar an miƙa zare, tsattsewa na ratsa shi suna fita. Wani tsoho shi kaɗai yana zaune can tsakiya, ƙarami kamar ɗan tsako a cikin rumbu. Na faɗi abin da na sani da abin da na ji a bakin mutane, na ce an ce waɗanda suka yi ginin da alwala suke cuɗa ƙasa. Ban san gaskiyar wannan ba, amma na faɗa da ƙarfin zuciya.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Jaki, ka taɓa ganin ɗaki mai daji a ciki?"

Daga nan na ja mu ƙofar fada. Dogarai na zaune da jajayen riguna, zauren ya yi tsawo har sai mutum ya riƙe hularsa kafin ya ga ƙarshensa. Muna tsaye aka busa kakaki daga ciki. Ƙarar ta fito doguwa, ta bi ta kan soraye, ta tayar da balbelu daga wata tsamiya suka yi sama fari fat, suka karkata wajen gulbi. Inna ta bi su da kallo har suka ɓace. Na saci duban fuskarta, abin da ban saba ba. Bakinta a ɗan buɗe, kamar yarinya.

Sannan ta dubi inuwarmu a ƙasa, wadda ta yi tsawo har ta hau katangar da ke gabanmu.

"Jaki, inuwarka ta hi ka girma."

Yanzu da na tsufa na san abin da ya riƙe ni. Ina da mata, ina da ɗa a lokacin, amma yammar nan ce farkon da uwata ta bi bayana tana sauraren abin da nake faɗi. Na san da zarar mun shiga gidan yayarta, ta zama ta yayarta, ni kuma in koma mai jaki a zaure. Sai na riƙa jan abin kamar mai cin ɗan nama guda a cikin miya. Na ce wa kaina wuri ɗaya ya rage, kuma rana ba ta gudu.

Wurin ɗayan kuwa shi ne mafi nisa. Na ratsa da ita gari har kudu, inda ganuwa ta zube ta yi tudu. Na ja jaki muka hau. Daga nan ana ganin fili shimfiɗe, da giginyu tsaye ɗai-ɗai, inda aka yi karo da Nasara. Gero ya nuna a wurin, an fara girbi, dammuna na jingine da juna. Can gaba ga barikin Nasara, 'yan gidaje masu farar ƙasa a jere kamar haƙora. Rana ta sauko ta zauna a kan giginyu, ja, babba, ana iya dubanta ba a ƙifta ba. Duk filin ya zama ruwan zinariya, har na rasa inda ƙasa ta ƙare sama ta fara.

Muna kallo wani soja ya busa begila, wasu biyu suka sauko da tutar da ke kan dogon itace, suka ninke ta da ladabi.

Inna ta ce, "A'a. Ashe su ma suna kwashe shanya in rana ta hwaɗi."

Dariya ta kuɓuce mini. Ita ma ta sa gefen lulluɓi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Muka yi ta dariya a kan ganuwa, ni ina kallon gabas, ita tana kallon yamma.

Da na juyo don mu sauka, sai na ga hannunta yana lalube a iska yana neman wuyan jaki, ga wuyan kuwa a gabanta.

Ban san yadda muka sauko ba. Na ja igiya ina sauri, jaki na turjewa, lunguna sun cika da shuɗin duhu, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ni da nake taƙamar sanin birni, ban taɓa taka unguwar majema ba. Na tambayi wani mai ɗauke da buta, ya nuna mini da haɓa. Na bi, na ɓata, na dawo. Jemagu suka fara fita daga itatuwa, ladanai suka ɗauka daga kowace kusurwa. Inna ba ta ce wa jaki komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Ita ce ta gane hanya. Ta ɗaga kai ta shaƙi iska ta ce, "Bagaruwa. Hannun hagu." Na shaƙa, na ji warin jima da bagaruwar da ake jiƙa fata da ita. Muka bi warin har muka fito kan ramukan jima, fatu na rataye a igiyoyi kamar mutane sun yi sahu. Wani mutum da ke wanke hannu ya ji tambayata, ya dube ni, ya dubi Inna, ya ce tsohuwar da nake nema ita ta haife shi.

Ya shigar da mu har tsakar gida. Wata doguwar tsohuwa ta fito daga ɗaki tana riƙe da tasbaha.

"Wa ka sallama da magariba kamar mai biyar bashi?"

Inna ta sauka daga kan jaki ba tare da ta jira an riƙe ta ba. Ta tsaya, fuskarta na kallon ɗan gefe da inda muryar take.

"Yaya."

Tsohuwar ta matso kusa. Sannan ta ce, "Auta? Auta, ke ta?"

Na ga fuskokin nan biyu kusa da juna a sauran hasken da ya rage. Goshi ɗaya, tsage ɗaya a kumatu, har yadda suke karkata kai. Ni na gani, ɗan yayar ya gani, matarsa ta gani. Inna kaɗai ce ba ta gani ba. Aka kawo fitilar mai aka kusa da fuskar tsohuwar har na ji tsoron lulluɓinta zai kama. Inna ta buɗe ido iyakar buɗewa, ta girgiza kai.

"Dundumi na, Yaya. Irin na Baba."

"To mi kika son gani? Ina nan yadda kinka bar ni. Ko gashi guda bai hwaɗi ba."

Inna ta miƙa hannu biyu ta kama fuskar. Ta bi goshi, ta bi tsage, ta sauko kumatu, yatsunta suka nutsa.

"Ƙarya kikai, Yaya. Ina haƙora?"

"Na ba da aro, ba a maido ba."

Suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, suka zube a tabarma suna riƙe da juna. Na koma zaure muka yi sallah da ɗan gidan.

Da aka kira ni cin tuwo, Inna Babba, don haka na riƙa kiranta, ta sa ni gaba. Ita ba ta da kunyata, ba ita ta haife ni ba.

"Kai ɗan nan, zo in gane ka. Yaushe kunka shigo gari?"

Na ce jiya da dare.

"Jiya! To yau ina kunka wuni? Ko birnin ya ƙara nisa ban sani ba?"

Na sunkuyar da kai. Kafin in sami abin faɗi, Inna ta amsa, tana fuskantar yayarta.

"An zagaya da ni, Yaya. Na ga Hubbare, na ga masallaci mai daji a ciki, na ga shanyar Nasara. Mai jakin ya san birni ƙwarai."

Ban taɓa jin ta yabe ni ba sai ranar, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙin haɗiya.

Inna Babba ta ce, "To ku ƙara kwana mana. Gobe da hantsi ta dube ni ta ƙoshi, ta ga abin da tsuhwa yay yi."

Inna ta juya wajen bango ta ce, "Ayari ba shi jiran kowa."

Na daɗe kafin in gane tambaya ce ta yi mini. A lokacin na ɗauka umarni ne. Akwai kayan mutane a hannuna, gaskiya ne, amma ayarin arewa ba ya yankewa a kaka, da na jira wani. Ina jira ta ce a zauna, tana jira in ce a zauna, kuma babu mai iya duban wani. Na buɗe baki na ce, "Madugu ya ce da asuba."

"To," in ji Inna.

Ta kwana can, ni na koma masauki. Ɗan gidan ya gaya mini daga baya cewa ba su runtsa ba, suna ta kiran sunayen matattu da na rijiyoyin garinsu. Ba su ƙara haɗuwa ba. Inna Babba ta rasu kafin wata kakar.

Ranar Asabar ɗin da asuba na zo da jaki, gari baƙi ƙirin. Inna Babba ta ce sai ta raka mu. Ɗanta ya hana, ta ce masa ya kama bakinsa, ta riga shi sanin hanya. Ta riƙe hannun Inna, suna tafe a bayana, muka fita ta Ƙofar Kware muka gangara gulbi. Ruwa ya cika, hazo na kwance a kansa. Masu fito suna ta kira, madugu na faɗa a yi sauri, a fara sa mata da kaya. Na duba gabas, ko alamar ja babu. Na yi ta jan ƙafa wajen kwance kaya, ina ɗaurewa ina sakewa, har mai kwalekwale ya daka mini tsawa.

Suka saki hannun juna. Aka zaunar da Inna a kan damin kaya, ni na tsuguna a baya ina riƙe da igiyar jaki yana iyo. Ta zauna tana fuskantar gaɓar da muka baro, ko da yake ba abin da take gani.

Muna tsakiyar ruwa gari ya fara wayewa. Hazo ya yi fari, ya yage, ganuwa ta fito sama-sama kamar tana shawagi, sannan itatuwa, sannan gaɓa. Mutane da yawa na tsaye a bakin ruwa, sun yi ƙanana, ba a rarrabe fuska. Can gefe guda, a kan wani ɗan tudu, mace ɗaya na tsaye ita kaɗai, ta ɗaga hannu ba ta sauke ba.

Inna ta sa tafin hannu a goshi. Ta daɗe tana kallo, kwalekwale na ja da mu baya, har na ɗauka ba ta gane ta ba.

Sai ta ce, a hankali, "Har yanzu doguwa ta."